Na'urar jina ba ta komawa inda ta tashi, malamaina biyu kuma sun raba hanya

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai neman digirin digirgir. Na yi wata 20 da farawa, saura wata 22 tallafin karatuna ya ƙare. Aikina ya haɗa kimiyyar abubuwa masu laushi da mutum-mutumi mai laushi. Ina gauraya robar silikon ta Ecoflex 00-30 da baƙin garin kabon in yi siririn zare, in manna shi a bayan wani yatsan roba da iska ke lanƙwasawa, don turjiyar lantarkin zaren ta gaya mini iya lanƙwasar yatsan. To, in yatsan ya warware ya koma yadda yake, turjiyar ba ta komawa. Abin da na auna da safe daban, na yamma daban. Zubi biyu da na yi da awo iri ɗaya, turjiyar ɗaya ta ninka ta ɗayan sau 10. Masu duba aikina biyu ne. Malamin fiziks ya ce kada in sake taɓa yatsan sai na fito da lissafin da ya bayyana abin. Malamin injiniya ya ce in daina ɓata lokaci, in tara bayanai in koya wa kwamfuta ta gyara kuskuren, mu nuna yatsan yana ɗaukar kaya. Gaba kura baya sayaki. A wajen masu fiziks ni makanikiya ce, a wajen injiniyoyi ni mai yawan lissafi ce. Shin in watsar da kabon in koma ruwan ƙarfe, ko dai aikin ne gaba ɗaya bai karɓe ni ba?

Ɗaliba mai damuwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Kada ki watsar da kabon, kada kuma ki ajiye karatun. Alamomin nan uku da kika lissafa sanannun halaye ne na robar da aka cusa wa gari, kowanne da dalilinsa, kowanne kuma ana iya auna shi. Abin da ya tsayar da ke shi ne lamba ɗaya kike karantawa alhali abubuwa biyar ne suke motsa ta: na'urar da ke karanta lantarkin, mahaɗar waya da roba, zafin ɗaki, yatsan kansa, sannan zaren. Muddin suna cakuɗe, lissafin da malamin fiziks yake so ba zai fito ba, kwamfutar da malamin injiniya yake so kuma kuskuren benci za ta haddace. Saboda haka aikin farko ɗaya ne ga su biyun: a ɓamɓare zaren daga jikin yatsan, a bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya.

Fara da mafi sauƙi. Samo rezisto, wato ɗan kayan lantarki mai tsayayyar turjiya, irin mai kuskuren kashi 0.1 cikin 100, wanda turjiyarsa ta yi kusa da ta zarenki. Sa shi a gurbin zaren, ki bar na'urar tana rubuta karatu dare guda. In lambar ta yi yawo, laifin ba na roba ba ne. Da yawa suna karatu da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino Uno, wanda ke raba folt 5 gida 1024, wato kusan milifolt 4.9 kowane mataki, ƙaramin canji kuma ɓacewa yake a tsakanin matakan. Ƙaramin allo irin ADS1115 ya fi shi nesa ba kusa ba, na'urar auna turjiya ta kan benci kuma ta fi su duka. Bayan haka ki mayar da zaren, ki rage kwararar lantarkin zuwa rabi ki sake karantawa. In turjiyar ta canza, ko dai zaren yana ɗumama kansa, ko kuma turjiyarsa ta dogara da ƙarfin lantarkin da aka sa masa, wanda yakan faru a irin wannan haɗin. Ki zaɓi ƙaramar kwarara ɗaya, ki rubuta ta, ki tsaya a kanta har ƙarshen digirin.

Mahaɗar waya ita ce babbar mai laifin da ba a cika zargi ba. Waya tauri gare ta, roba laushi, duk jan da aka yi kuwa a bakin haɗuwarsu yake taruwa. Wayar takan ɗan zame a cikin robar, turjiyar wurin ta canza, ki ɗauka zaren ne. Gam mai azurfa ba ya kama silikon da kyau, yana tsagewa bayan 'yan zagayen ja da saki. Abin da ya fi aiki shi ne a binne ragar tagulla ko ƙyalle mai ɗaukar lantarki a ƙarshen zaren tun kafin robar ta daskare, a faɗaɗa wurin, a ƙarfafa shi da ƙyallen da ba ya miƙewa, don ja ya tsaya can nesa da mahaɗar. Sannan ki yi awo da waya huɗu: biyu na waje su kai lantarki, biyu na ciki su karanta ƙarfinsa. Da wannan, turjiyar mahaɗa ta fita daga lissafi. Ki auna da waya biyu da waya huɗu a kan zare ɗaya, bambancin shi ne girman kuskuren da kika yi wata 20 kina ɗauka. Zafin ɗaki kuma a sa masa ido da ma'auni a gefen samfurin. Silikon yana kumbura da kusan kashi 0.03 cikin 100 a kowane digiri ɗaya na Salshiyos. A ido ba komai ba ne, amma ga ƙwayoyin kabon da tazararsu nanomita kaɗan ce, ya isa ya motsa karatu.

Akwai kuma abin da muke so ki duba kafin ki ƙara zargin zarenki. Yatsan da iska ke lanƙwasawa shi ma roba ne. In aka riƙe shi da iska daidai wa daida, yana ci gaba da lanƙwasa sannu a hankali, in aka sake iskar kuma ba ya warwarewa gaba ɗaya nan take. Mai yiwuwa wani kaso na abin da kike kira kuskure gaskiya ce zaren yake faɗa. Ɗiga alamu uku ko huɗu a gefen yatsan, kafa kyamara a tsaye, ki auna lanƙwasar daga hoto. Kada ki ɗauki matsin iska a matsayin ma'aunin lanƙwasa.

Yanzu batun zubi biyu masu bambancin ninki 10. Garin kabon ba ya sa roba ta ɗauki lantarki a hankali a hankali. In ya yi kaɗan, ƙwayoyin a warwatse suke, babu hanya. Da an kai wani adadi, sai su sarƙe su yi hanyar da ta ratsa daga wannan baki zuwa wancan, turjiya ta faɗi ninki dubbai a cikin ɗan ƙarin gari. A daidai bakin wannan iyakar zare ya fi jin ja, shi ya sa ɗalibai ke son zama a wurin, a nan ne kuma kuskuren awo na ɗan miligiram ko ƙarin minti biyu na gaurayawa ke juya sakamako. Inda iyakar take ya danganta da irin garin. Mai rassa da yawa kamar Ketjenblack yakan kai da kashi kaɗan cikin 100 na nauyi, wasu kuwa sai sun haura kashi 10. Ki nemo taki da hannunki. Yi adadi shida ko bakwai daga ƙasa da wanda kike amfani da shi zuwa sama, kowane adadi zubi uku a ranaku daban, kowane zubi zare biyar. Zana turjiyar a ma'aunin logaridam, wato inda kowane ninki 10 yake da tazara ɗaya. Za ki ga gangaren, ki ga inda zarenki na yanzu yake a kai. Shawararmu ki koma can gaba da gangaren, inda layin ya fara kwanciya. Jin zaren zai ragu, amma zubin yau zai yi kama da na gobe, kuma ba a gina kundi a kan samfurin da ba a iya maimaitawa.

Girkin kansa yana buƙatar takardar ƙa'ida wadda ba ki canzawa. Ecoflex 00-30 ana haɗa kashi A da B daidai da daidai, yana ba da kusan minti 45 kafin ya fara kauri, ya daskare cikin awa 4 a zafin ɗaki. Ki fara gauraya garin a cikin kowane kashi daban kafin ki haɗa su, don agogon minti 45 bai fara ba tukuna. A auna da sikeli mai gane miligiram ɗaya. A gauraya da inji, a gudu ɗaya da mintuna ɗaya, domin gaurayawa tana farfasa dunƙulen kabon, wanda aka daɗe ana juyawa turjiyarsa takan fi yawa ko da garin ɗaya ne. In kina sirka shi da wani ruwa mai ƙafewa don ya yi sauƙin juyawa, ki sani ragowarsa kan ɗauki kwanaki yana fita, zaren yana tsukewa, turjiya tana sauka. Ki riƙa auna nauyin zaren kullum har ya tsaya kafin ki fara gwaji. A tukunyar zuƙe iska haɗin yana tasowa ninki biyu ko uku, don haka ki zuba shi a mazubin da ya fi shi girma sau huɗu, ki jira ya taso ya faɗa. Silikon ɗin nan da sinadarin filatinam yake daskarewa, kuma sulfa da safar hannu ta robar latex da wasu robobin da ake buga mazubi da su a firinta mai amfani da haske suna kashe shi. In kin ga fuskar zaren tana danƙo, nan za ki fara nema. Wasu garin kabon ma suna jinkirta daskarewar. Bayan ya daskare a gasa shi awa 2 a digiri 80, awa 1 a digiri 100, kamar yadda kamfanin ya ba da shawara, don kada ya ci gaba da tauri a cikin makonnin gwaji. A yanka duk zarurrukan ta fuska ɗaya da yadda aka shimfiɗa haɗin. Kauri kuma kada a auna shi da ma'aunin da ke matsewa, don robar za ta lotsa. Yanka gefe ki duba a madubin ƙara girma.

Bambancin safe da yamma yana da suna. Tun ƙarshen shekarun 1940 Leonard Mullins ya bayyana cewa robar da aka cusa wa gari tana yin laushi bayan jan farko. Roba folima ce, wato dogayen sarƙoƙi ne suka haɗa ta, kuma sarƙoƙin mafi gajarta suna ɓallewa ko su zame daga jikin ƙwayoyin, dunƙulen gari su sake zama. Laushin yana bin mafi tsawon jan da robar ta taɓa sha, yawanci yana lafawa bayan zagaye biyar zuwa goma, kuma wani kasonsa yana dawowa in robar ta huta ko ta ji zafi. Da safe zarenki ya kwana ya ɗan farfaɗo, da yamma ya sha ja. Maganin a aikace: in aikinki bai wuce miƙewar kashi 40 cikin 100 na tsawon zaren ba, kafin kowane gwaji ki ja shi zuwa kashi 50 sau goma, ki bar shi ya huta tsayayyen lokaci, a ce minti 30, sannan ki fara. Kowane zare ya samu katin tarihinsa: ranar zubi, mafi tsawon ja, yawan zagaye, awannin hutu. Wanda aka ja fiye da ƙima bisa kuskure ya zama wani samfurin daban, a ware shi.

Daga nan ne ainihin binciken ya fara, kuma a nan muke so ki daɗe. Ɗora zaren a injin ja, ki auna abubuwa uku a kan agogo ɗaya: ƙarfin ja, miƙewa, turjiya. Agogo ɗaya muka ce, domin in kwamfuta biyu ke rubutu, saɓanin rabin daƙiƙa zai fito miki a zane kamar halin roba. Abu biyu ke lalata wannan gwajin. Na farko ma'aunin ƙarfi. Ecoflex 00-30 zalla mai faɗin milimita 6 da kaurin milimita 2 ƙarfin jansa bai kai niyuton ɗaya ba in aka ninka tsawonsa (niyuton shi ne awon ƙarfi). Ma'aunin niyuton 1000 da aka saba gani a injin ba zai ji shi ba, ki nemi na 10 ko 20. Na biyu zamewa. Roba ba ta rage girma in an ja ta, sirancewa take, don haka tana sulluɓewa daga haƙoran injin, tafiyar injin ta fi ainihin miƙewar. A yanka samfurin da siffar da ƙa'idar ISO 37 ko ASTM D412 ta tsara, mai faɗi a baki da siririn tsakiya, a ɗiga alamu biyu a tsakiyar da tazarar milimita 20 ko 25, a bi su da kyamara.

Gwajin da ya fi kowanne daraja shi ne ja da riƙewa. Ja zaren zuwa kashi 20 cikin daƙiƙa ɗaya, riƙe shi awa ɗaya cur, sake shi, ci gaba da rubutu wata awar. A farko ki rubuta sau 50 ko 100 a daƙiƙa, daga baya ki sassauta. Zana sakamakon da lokaci a ma'aunin logaridam, inda daƙiƙa 1 da 10 da 100 da 1000 suke da tazara ɗaya. Ki zubar da daƙiƙu goman farko wajen daidaita lissafi, don tasirin jan kansa bai gushe ba. Za ki ga ƙarfin ja yana sauka, turjiya ma tana sauka, kuma da wuya ɗayansu ya bi lokaci guda ɗaya tak. Roba tana da lokutan sassautawa masu yawa, domin akwai sarƙoƙin da bakinsu ɗaya ne a ƙulle, suna warwarewa sannu a hankali, Ecoflex kuma yana ɗauke da mai da bai ƙullu da komai ba. Tambayar kundinki tana nan: shin turjiya tana sassautawa tare da ƙarfin ja, ko tana da nata agogon? Zana ɗaya a kan ɗaya. In suka faɗa kan layi guda a miƙewar kashi 10 da 20 da 40, robar ce ke jan ragamar ƙwayoyin. In suka rabu, ragar kabon tana karyewa tana sake ƙulluwa da nata tsarin, kuma wannan sakamako ne da ya cancanci maƙala.

Bayan haka ki yi zagaye a gudu uku, zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 100, cikin 10, cikin 1, ki auna faɗin tazarar da ke tsakanin layin zuwa da na dawowa. Kada ki firgita in kika ga turjiya ta yi wani ƙaramin tudu a lokacin da ake sakin zaren. An sha ganin haka a irin wannan haɗin. Ja yana raba ƙwayoyi ta tsawo yana matso su ta faɗi, hanyoyi na mutuwa wasu na haihuwa, biyun kuma ba sa tafiya da gudu ɗaya. Ƙarin wayoyi biyu a gefen samfuri mai faɗi, don a auna turjiyar ta gicciye, za su nuna miki wannan kai tsaye.

Lissafin da malamin fiziks yake nema sai ya fito daga waɗannan bayanan, ba daga allo ba. Ga siffar ja da miƙewa, tsarin Ogden na 1972 ko wani mai sauƙi kamarsa ya isa. Ga sassautawa, a jera lokuta, ɗaya a kowane ninki 10 na daƙiƙa, a nemo nauyin kowanne. Sai babban gwajin: ɗauki abin da ja da riƙewa ya ba ki, ki yi amfani da ƙa'idar tarawa ta Boltzmann, wadda ke cewa amsar yanzu jimillar amsoshin duk ƙananan jan da suka gabata ce, ki yi hasashen abin da zagaye zai bayar ba tare da kin sake gyara ko lamba ɗaya ba. In hasashen ya dace, kin samu lissafin da za a juya shi a ɗora a ƙaramar kwamfutar yatsan, ya karɓi turjiya ya mayar da miƙewa. In bai dace ba, ki nuna daga wace miƙewa da wane gudu ya fara kucewa, ki nemi dalili. Ko ta ina aka faɗa akwai babi.

Ruwan ƙarfen da kika ambata yana da gurbi, amma a matsayin ma'aunin kwatance. Haɗin galiyam da indiyam, kusan kashi 75 da 25 na nauyi, ruwa ne har ƙasa zuwa kusan digiri 15.5. Tun da ruwa ne, turjiyarsa siffar ramin da yake ciki kawai take bi. In tsawo ya ninku da wani adadi, turjiya tana ninkuwa da adadin sau kansa: miƙewar kashi 50 tana ba da ninki 2.25. Ki yi rami a cikin robarki, gefe da gefe da zaren kabon, ki ja su tare. Duk jinkirin da ruwan ƙarfe ya nuna na siffar roba ne, abin da ya ragu a na kabon kuwa na ragar ƙwayoyi ne. Sai dai ki san halinsa. Rami mai faɗi da zurfin maikuromita 250 da tsawon santimita 20 turjiyarsa kusan om ɗaya ce kawai (om shi ne awon turjiya), don haka ba makawa sai waya huɗu. Ana cika shi da allura biyu, ɗaya na turawa ɗaya na fitar da iska, kumfa ɗaya kuma ya isa ya yanke hanya. Galiyam yana cin alminiyam har ya ruɓar da shi, kada ya kusanci mazubi ko haƙoran inji na alminiyam. Dannawa tana rufe ramin, turjiya ta yi tsalle, saboda haka a kan yatsan da ke kama kaya zai rikita ja da matsi. Wata hanyar kwatancen ita ce faranti biyu masu laushi da siririyar roba a tsakani, inda ajiyar caji ke ƙaruwa daidai da tsawo kuma ba ta cika jinkiri ba. Amma santimita ɗaya murabba'i da kaurin maikuromita 100 ajiyar cajinsa kusan fikofarad 24 ce kawai, alhali mita ɗaya ta waya mai sulke tana kai 100, hannu ma in ya matso karatu ya motsa. Ɗaya daga cikin biyun ya ishe ki, ruwan ƙarfe kuma ya fi sauƙin fassara.

Malamin injiniya bai yi kuskure ba da ya kawo batun koya wa kwamfuta. A 2019 Thuruthel da abokan aikinsa sun nuna a mujallar Science Robotics cewa tsarin koyon kwamfuta mai tuna abin da ya wuce yana iya karanta lanƙwasa da ƙarfi daga irin waɗannan na'urorin ji masu jinkiri. Ma'anar haka a gare ki ita ce maimaita wannan kaɗai ba zai zama sabon abu ba. Tarkon da ke ciki kuma shi ne rabon bayanai. In kika yi dogon gwaji ɗaya kika tsinci ɗigo nan da can don jarrabawa, kwamfutar ta riga ta ga maƙwabtan kowane ɗigo, sakamako zai yi kyau a takarda ya rushe a kan sabon zare. Ki ware zarurruka sukutum, da ranaku sukutum, da gudun da ba ta taɓa gani ba, su zama jarrabawa. Sannan ki gwada hanyoyi uku a kan jarrabawa ɗaya: jadawali mai sauƙi na turjiya da miƙewa, lissafinki na fiziks, da na kwamfuta, ki ƙara na huɗu in lokaci ya bari, wato lissafinki a gaba kwamfuta tana gyara ragowar. Ki nuna kuskuren kowanne da yawan mintunan bayanan da ya buƙata. Zane ɗaya ne, kuma kowane malami zai ga abin da yake nema a ciki.

Idan kin koma kan yatsan, ki kula da inda kika manna zaren. Gefen yatsan da akan sa wa ƙyallen da ba ya miƙewa kusan ba ya canza tsawo, miƙewa tana ƙaruwa ne da nisa daga gare shi. Zaren da ke milimita 5 daga wannan shimfiɗar, in yatsan ya lanƙwasa kamar da'ira mai nisan milimita 50 daga cibiya zuwa baki, kusan kashi 10 zai miƙe. Da wannan lissafin za ki san iyakar da za ki gwada a benci. Zare mai kabon ya fi jikin yatsan tauri, don haka in ya yi kauri zai canza lanƙwasar da kike son aunawa. Manna shi da siririn shafi na ɗanyen silikon iri ɗaya, a bar su su daskare tare.

Saura malamanki. Daga wasiƙarki mun fahimci kowannensu daban kike gani, kina ɗauko saƙon wannan ki kai wa wancan. Wannan ya tsaya. Rubuta shafi ɗaya: tambayar kundin a jimla ɗaya, gwaje-gwaje huɗu ko biyar da za su amsa ta, zanen da kowanne zai haifar, da watan da zai kammala. Aika musu tare, ki nemi zama ɗaya da su biyun, cikin ladabi ki ce kina so su gyara miki tsarin kafin ki ci gaba. Ki shiga da sakamakon rezisto da na waya huɗu a hannu, domin malamai sun fi saurin haɗuwa a kan zane fiye da a kan ra'ayi. A zaman a yanke wa zai jagoranci wane babi, wace maƙala za ta je mujallar fiziks wace ta mutum-mutumi, da jerin sunaye a kan kowacce. Bayan an tashi ki aika musu da abin da aka amince a rubuce a ranar. In zama biyu suka wuce ba su daidaita ba, ki kai maganar ga mai kula da karatun gaba da digiri na sashenku. Aikinsa ke nan, ba ƙara kika kai ba.

Wata 22 sun isa in aka raba su da gaskiya: 2 na tsabtace awo da girki, 6 na gwajin benci, 5 na lissafi da kwatance, 4 na yatsa, 5 na rubutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka babin hanyoyin gwaji ki fara shi tun yanzu, takardar ƙa'idar girkinki ita ce zubinsa na farko. Ki sa wa kanki sharaɗi a rubuce: in bayan wata 3 zubi uku a adadi ɗaya sun kasa zuwa kusa da juna, a ce cikin kashi 20, sai a sauya irin garin ko a sayi robar da aka riga aka haɗa daga masana'anta, tambayar kundin kuma ta zauna yadda take.

Game da jin cewa ba ki da gida a ɓangarorin biyu, fannin ne haka. Pierre-Gilles de Gennes, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta fiziks a 1991, a kan folima da gam da kumfa da makamantansu ya yi shekaru yana aiki, abubuwan da a da ake bar wa masana'antu. Mai jarrabawa a ƙarshe zai tambaye ki me ya sa turjiya ta yi jinkiri, ya kuma tambaye ki nawa ne kuskuren yatsan a lanƙwasa, ke ce kuma za ki iya amsa duka biyun in kin bi wannan tsarin. In damuwar ta kai ga hana ki barci ko cin abinci na makonni, ki nemi mai ba ɗalibai shawara ko likita, kada ki jira sai sakamako ya gyaru.

A makon nan abu uku kawai muke so ki yi. Daren farko rezisto ya kwana a na'ura. Kwana na biyu da na uku ki yi zare biyu masu waya huɗu. Kwana na huɗu ki ja ɗaya zuwa kashi 20 bayan zagaye goma na share fage, ki riƙe shi awa ɗaya, ma'aunin zafi yana gefe yana rubutu. Zanen da ya fito shi za ki liƙa a ƙasan shafin da za ki aika wa malamanki.